Akwatin Marigayi Ya Yi Sanyi

Akwai ɓarawon da sata kaɗai ba ta isarsa, sai ya haɗa da haukata wanda ya yi wa satar. Irinsa Sufeto ya gamu da shi ranar da wata dattijuwa ta tsaya gaban kantar ofishin 'yan sanda ta ce, "An sace muryar mijina."

Ƙanin mijin, wanda ake kira Auta, yana biye da ita.

"Ranka ya daɗe, a yi haƙuri. Tunda Yaya ya rasu kanta ya taɓu. Gobe zan kai ta asibitin ƙwaƙwalwa, na riga na karɓi kati."

Sufeto ya dubi idonta, bai ga hauka ba. Ya ce su je gidan.

Ɗakin marigayin yana nan yadda ya bar shi. Jita a rataye, tabarau a kan kujera, baƙin akwatin amfilifaya mai ƙara sautin jitar a kusurwa. Sufeto ya ji kamar mai ɗakin ya fita ne zai dawo.

"Kowace safiya nakan kunna," in ji ta. "Da sai ya yi shiru tukuna, kamar mutum yana farkawa, sannan ya fara gurnani. In na ɗora tafina, ɗumi nake ji irin na bayansa. Yanzu kana taɓawa yake amsawa. Kuma sanyi ƙalau, kamar ranar da na taɓa goshinsa."

"Haba matar Yaya, ga wutarsa nan ja tana ci," in ji Auta.

Sufeto ya leƙa ta baya. Kwalabe huɗu suna haske. Ya ɗora hannu, ba zafi.

"Wa ke ɗaukar masa shi in za shi wasa?"

"Ni mana!" in ji Auta. "Shekara ashirin. Kafaɗata har yau ba ta yafe ba."

"To ɗauko mana, mu kai wa mai gyara."

Auta ya sure shi da hannu ɗaya, yana ci gaba da surutu har bakin mota. Sufeto ya tsaya yana kallon ramuka huɗu masu zurfi da ƙafafun akwatin suka bari a darduma.

Mai gyara tsoho ne mai ido ɗaya. Ya kunna, ya kashe, ya yi tsaki.

"Yallaɓai, mai bawul, wato kwalaben nan, in na gaske ne sai ya yi rabin minti kafin ya yi magana, ya yi zafi har ka soya ƙwai. Taransifoma biyu ne a cikinsa, ƙato ma sai ya yi nishi. Wannan ko kyanwata ta ja shi."

Ya kwance bayan. Matattun kwalabe ne aka manna da gam, aka cusa ƙananan fitilu ja a ƙarƙashinsu. Can ciki ga wani ɗan allon taransisto irin na rediyon zamani, sabo fil.

"An yashe shi kamar kifi," in ji mai gyara.

Auta ya dafe ƙirji. "Wa ya yi wa Yaya wannan? Ni ban taɓa shi ba tun rasuwar!"

"Shekara ashirin yana karya maka kafaɗa," in ji Sufeto. "Yau ka ɗaga shi da hannu ɗaya, ko mamaki ba ka yi ba. Me ya sa?"

Auta ya ja da baya, ya sassauta murya.

"Wani dillalin tsofaffin kayan kiɗa ne ya matsa mini. Ranar da ta je ganin 'yarta muka cire. Na ɗauka tsohuwa ba za ta gane ba."

"Da ta gane fa?"

"Shi ne na karɓo katin asibitin," in ji Auta.

Dattijuwar ba ta ko dube shi ba. Ta tambayi mai gyara ko za a iya mayar da cikin. Ya ce sai in an samo shi. Ba a samo ba, dillalin ya riga ya tsallake iyaka da shi.

Kofur ɗin da ke tare da Sufeto ya sa wa Auta ankwa. Alƙali ya ba shi shekara uku, babu zaɓin tara.