Jinin Waje

A filin sukuwa ta fara ganinsa, ranar da dokin gidansu ya zo na ƙarshe. Tana duba gwiwar dokin sai wani dogon saurayi ya tsuguna kusa da ita, ya ce kada ta ga laifin mahayi, ƙashin ne ba ƙwari. Ta watsa masa harara, ta ce ita likitar dabbobi ce, ba ta nemi shawara ba. Abin haushin, gaskiya ya faɗa.

Da goɗiya ɗaya mai ciki kakanta ya kafa gonarsu, shekara hamsin baya. Tun daga nan ingarman waje bai taɓa shiga bargar ba, zuriyar goɗiyar ake ta haɗawa da juna. Da wannan Baba yake alfahari. Amma shekara uku a jere duk duƙushin da aka haifa ba ya miƙewa, goɗiya mai lafiya kuma saura ɗaya, Auta.

Saurayin nan, Dogo ake ce masa, ingarma ɗaya gare shi a bayan gari. Ta je ganin dokin, ta sake komawa har sau huɗu.

"Likitata, dokin nan fa lafiyarsa ƙalau," in ji shi. "Ko mai dokin kike dubawa?"

Baba ya ƙi dokin, ya ƙi mai shi. Ya ce ga ɗan baffanta, mahayin gidan, me za ta yi da bare? Ta ce ba a ɓoye za ta kai Auta wurin ingarman Dogo ba, gobe da safe ne, ta ƙofar gaba.

"Kai ta," in ji Baba. "In duƙushin bai tsaya ba, ki ajiye makullin barga, ki kuma manta da yaron nan."

Wata goma sha ɗaya bai amsa gaisuwarta ba, ita ma ba ta fasa durƙusawa ba. Ta rame. Abinci a tsaye take ci, Auta na yin atishawa za ta ɗauko jakar magani. Ɗan baffan ya riƙa yaɗa cewa suna Dogo yake nema wa dokinsa, ya samu kuma, shi ya sa ya ɗauke ƙafa. Ta rubuta masa: "In doki ya kawo ka, faɗa min."

Amsa ta zo: "Baba ne ya hana ni zuwa, na kuma bi maganarsa. Ko duƙushin bai tsaya ba, ina nan, sarkin rigima."

Da hantsi Auta ta haihu. Duƙushin ya yunƙura ya kife, ya sake ya kife. Ta miƙa hannu za ta tallafe shi, sai ta ji an riƙe mata kafaɗa. Baba ne.

"Ƙyale shi, ya yi da kansa."

A karo na biyar ya tsaya, ƙafafu na rawa, ya lalubi nono. Baba ya daɗe yana kallo kafin ya yi gyaran murya.

"Kin ci abinci kuwa? Je ki ci. Sannan ki ce wa yaron nan ya turo manyansa."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Ranar da za a kai ta, Baba ya dafa kanta, ya ce Allah ya yi musu albarka, ya ba ta 'ya mai taurin kai irin nata, ita ma ta ɗanɗana.