Farin Yadin Kaka

A garin Mairuwa akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Tana da kirki, sai dai akwai rawar kai.

Ran Alhamis Malama Fatsuma ta koya musu rini da ganye. Ta jiƙa farin ƙyalle a ruwan bagaruwa. Ta jera ganyen marke da na lalle da ɓawon albasa a kai. Ta naɗe shi a jikin sanda, ta ɗaure tam, ta turara a tukunya. Da ta warware, sai ga hoton kowane ganye raɗau.

"Kowa ya yi nasa ya kawo ran Litinin," in ji Malama. "Tsumma ma ya isa."

Tsumma kuma? Yarinyar ita so take nata ya fi na kowa. Sai ta tuna da wani farin yadi fes a ƙasan akwatin kakarta. Ba ta taɓa ganin Kaka ta ɗaura shi ba. "Ai ba ta so ne," ta ce a ranta.

Ran Asabar Kaka ta tafi gidan suna. Yarinyar ta zaro yadin, ta yi masa yadda Malama ta yi. Ya kuwa yi kyau. Ta ruga ta nuna wa Inna.

Inna ta dafe ƙirji. "Ina kika samo wannan?"

"A akwatin Kaka."

"Wa kika tambaya?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai.

"Likkafaninta ne," Inna ta ce a hankali. "Da shi take so a rufe ta ranar da ta rasu. Marigayi kakanki ya kawo mata shi daga Makka."

Yarinyar ta yi maza ta ɗebo ruwa. Ta wanke yadin da sabulu har hannuwanta suka yi ja. Ganyen ko gezau.

"Inna, don Allah ki faɗa mata."

"A'a. Ke kika ɗauka, ke za ki faɗa."

Da la'asar Kaka ta dawo. Yarinyar ta durƙusa, ta miƙa yadin, ta faɗi komai. Kaka ba ta yi faɗa ba. Ta daɗe tana shafa yadin, hawaye na zuba. Wannan ya fi bulala zafi a wajen yarinyar.

Can Kaka ta nuna wani ɗan ƙaramin ganye. "Wannan fa, a ina kika tsinko shi?"

"A lallen bayan ɗakinki."

"Kakanki Malam ne ya dasa mini shi, shekarar da aka kawo ni gidan nan." Kaka ta share ido, ta jawo ta jikinta. "Ƙawata, kin sa ni kuka. Da kin tambaya, da na ba ki wani ƙyallen."

"Ki yafe mini, Kaka."

"Na yafe. Babanki zai sayo wani likkafanin. Wannan na ɓoye shi ne don ranar da ba zan gan shi ba. To, yanzu da raina zan yafa shi."

Ran Litinin yarinyar ta kai ɗan tsumma makaranta. Sai da ta tambayi Inna kafin ta ɗauka.

Ran Juma'a kuwa Kaka ta fito da sabon mayafi mai ganyen lalle. Duk wadda ta tambaya, sai ta ce, "Yadin na Malam ne, aikin na jikata ne."

Yara, duk abin da ba naku ba, ku tambaya kafin ku taɓa. Ba ku san darajarsa a wajen mai shi ba.