Tudun Da Ke Kan Teburin Mai Agogo

Kowace Asabar bayan la'asar, Mai Agogo yakan rufe shagonsa da wuri ya dawo gida ya buɗe sito. Abokansa biyu, Tela da Mai Kemis, a can suke iske shi, su yi wasan yaƙi. A tsakiyar siton akwai tebur mai faɗin gado biyu, a kansa an gina ƙasa guda: kogi na gam da shuɗin fenti, ciyawa ta garin katako da aka rina kore, itatuwa na soso da waya, da sojojin roba ɗari huɗu da 'yan kai, kowanne bai wuce gaɓar yatsa ba. Shekara goma sha biyu ya yi yana fente su ɗaya bayan ɗaya, da gilashin gyaran agogo manne a ido. Mutumin da sai ya tambayi matarsa ajin da 'yarsa take, ya san sojan da maɓallin rigarsa ya goge. Abokan suna kiransa Janar, shi kuma yana amsawa ba kunya.

A wannan Asabar ɗin akwai sabon abu a teburin. Tudu ne ja, mai kogo-kogo, a gefen kogin.

"Wannan ba takarda da siminti ba ne," in ji Tela, yana shafa shi. "Janar, ina ka samo?"

"Suri ne. A bayan kangon nan na hanyar shago na gan shi. Na sa zarto na yanko kansa, na ɗura gam a ramukan, na bi da fenti."

Mai Kemis ya ce, "To maharban da suka hau shi, taki nawa kibiyarsu za ta kai? Kada mu fara ka ƙirƙiro mana doka a tsakiyar wasa, mun san halinka."

Suka yi ta musu, ana jan tef ɗin awo, ana buɗe littafin dokokin da Mai Agogo ya rubuta da hannunsa. Rana ta yi ƙasa. Hasken taga ya koma ja, sannan ya fara dusashewa. Tela ya girgiza dayis, ɗan ƙashin wasan nan mai ɗigo-ɗigo, a tafin hannu zai jefa, sai wata tsakuwa ta faɗo tsakiyar kogin. Suka ɗaga kai. Rufin kwano ne, ba ko huda. Ta biyu ta sami Mai Kemis a kunne. Da ya ɗauka ya duba, sai ya ga tsakuwar teburin ce, da fentinta, da busasshen gam a gindinta.

Can sai suka ji wani ƙaramin sauti yana fitowa daga tudun, kamar yara suna kuka a cikin tulu.

Daidai lokacin Auta, 'yar Mai Agogo, ta turo ƙofa da tiren shayi. Shekararta goma sha bakwai, ita kaɗai ta rage a gaban iyayenta. Ta ajiye tiren, ta tsaya tana kallon tudun, ta daɗe. Uban ya ce ta tafi. Ba ta motsa ba. Da ta juyo, fuskar tata ce, amma kallon ba nata ba ne.

Kwana uku gidan bai ga daidai ba. Da rana Auta tana kwance shiru, ba ci, ba magana. Da zarar inuwa ta cika tsakar gida sai tsakuwa ta fara zuba a kan kwano, ita kuma ta tashi ta zauna a ƙofar sito tana ƙirga wani abu da yatsu. An kai ta asibiti, aka auna, aka ce ba a ga komai ba. Uwar ta rame a tsaye. Mai Agogo ya damu, ba za a ce bai damu ba, amma abu na farko da ya yi shi ne sayo sabon kwaɗo ya garƙame siton, kada a shiga a taka masa kaya.

"Baban Auta," matar ta ce masa a rana ta uku, muryarta a dushe, "ko ka ɗauko Malam mai ruƙiyya, ko in fita in ɗauko shi da kaina."

Malam ya zo ana gab da magariba. Tsoho ne siriri, ba ya gaggawa. Tela da Mai Kemis ma suka zo, don kunya ta hana su ɓuya. Malam ya sa aka buɗe siton, ya daɗe yana duban teburin, sannan ya dubi magidantan nan uku masu furfura. Da ya yi musu faɗa da ya fi musu sauƙi a kan wannan kallon.

Aka zaunar da Auta a tabarma, uwar ta riƙe kafaɗunta. Malam ya fara karatu a hankali. Iska ta tsaya. Tsakuwar da ke zuba a kwano ta ɗauke. Can yarinyar ta buɗe baki, murya ta fito mai kauri, irin ta tsohon da ya gaji.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai, me ka zo nema a jikin baiwar Allah?"

"Ka tambayi mai zarto. Gidana ya yanka biyu, ba sallama. Ya ɗura gam a ƙofofina, 'ya'yana biyu na ciki. Na biyo gidana har nan, na tarar da ƙartai uku suna musun wanda zai ci shi da yaƙi."

"An zalunce ka," Malam ya ce. "Amma yarinya ba ta yanka ba, ba ta ɗura ba. Za a mayar maka da gidanka, a buɗe ƙofofin. Ka fita."

"Shekara guda zan riƙe ta."

Malam ya ci gaba da karatu. Jikin Auta ya ɗauki rawa, gumi ya jiƙa ɗankwalinta, uwar tana kuka ba sauti. Muryar ta yi gurnani, ta rage wa'adin zuwa wata shida, ta rage zuwa wata ɗaya, sannan ta yi wata 'yar dariya mara daɗi.

"To na bar nawa hukuncin. A yi min da nasu. Na duba littafinsu tun ranar da na zo. Mai ɗinki, buɗe doka ta goma sha huɗu."

Tela ya ɗauko littafin ya karanta. Wanda ya kama fursuna shi ke yanka fansa. Ba ciniki. Za a ƙirga goma, in wanda aka kama nasa bai amsa ba, fursuna ya tafi ke nan. Mai Agogo ne ya kafa dokar shekarun baya, don Tela yana da jinkirin yanke shawara, shi kuma yana jin daɗin ganinsa yana zufa.

"Ga fansata," muryar ta ce. "Tuduna ya koma inda yake. Sauran abin da ke kan teburin nan kuma, mai shi ya farfasa da hannunsa, kada ya bar ko ɗaya. Ɗaya."

Malam ya juya ya dubi Mai Agogo. Kowa ya dube shi.

"Biyu. Uku."

Abin da ya faru a nan shi ne abin takaicin, kuma ba yadda za a gyara faɗarsa. Mutumin bai amsa ba. Idonsa ya tafi kan teburin, kan mahayan da ya yi wata bakwai yana zana wa linzami.

"Huɗu. Biyar."

"Malam," ya ce a hankali, "duka? Ko za a roƙe shi ya bar rundunar dawakin?"

"Shida."

"Baban Auta." Matar ba ta ɗaga murya ba. Ba ta taɓa kiransa da irin wannan sanyin ba.

"Bakwai. Takwas."

"Na yarda," ya ce. "Na yarda."

Malam ya miƙa masa guduma. Ya shiga siton shi kaɗai, suna jin ƙarar daga waje, tana tsayawa tana ci gaba. Tela da Mai Kemis suka ɗauki tudun a buhu suka mayar bayan kango, suka ƙwaƙule gam ɗin da tsinke kamar yadda Malam ya umarta. Kafin su dawo Auta ta yi atishawa sau uku, ta kwanta a cinyar uwarta, barci ya ɗauke ta. Malam ya ɗauki sandarsa. A bakin ƙofa Mai Agogo ya fara yi masa godiya, tsohon ya ce ya gode wa Allah, ya wuce bai ba shi hannu ba.

Tsakuwa ba ta sake faɗowa a gidan ba. Auta ta warke sarai, ta koma makaranta. Abokan Asabar suka daina zuwa, in sun haɗu a hanya sai gaisuwa. Mai Agogo ya shiga ba mutane labari a shago, yadda ya rusa aikin shekara goma sha biyu saboda 'yarsa, har ana jinjina masa. Da yawan faɗa, shi ma ya yarda haka aka yi.

Wata rana da yamma ya dawo ya sami Auta tana wanke kwanuka a tsakar gida. Ya ja kujera ya zauna kusa da ita, abin da bai saba ba. Ya tambaye ta jiki, ta ce da sauƙi. Ya ce Allah ya taimake ta ba ta san abin da ya faru ba, don mai irin wannan ciwo ba ya tuna komai.

Ta ɗauraye kofin da ke hannunta ta kife shi.

"Ina ji, Baba. Bakina ne kawai ba nawa ba, kunnena nawa ne." Ta ɗauki wani kofin. "Ina ƙirgawa tare da shi. Sai a takwas ka amsa."

Ta ce masa ya ɗan ja kujerarsa baya, ruwan wanke-wanke zai taɓa masa takalmi.