Tabon da Bai Goge Ba

Ranar da mai ɗaukar hoton nan ya fara shigowa shagon buga hotuna, ko sallamarsa ba ta amsa da kyau ba, hankalinta yana kan fuskar wata mata da take cire wa ƙuraje a kwamfuta. Aikinta ke nan a shagon, gyaran hoto. Ya miƙo mata filash, ya ce a buga masa manya.

Ta buɗe. Hotunan da kyau, ba ƙarya, amma kowanne da sunan sana'arsa ɓaro-ɓaro daga kunne zuwa kunne, ya ratsa ta kan hancin mutum.

"Malam, hoto kake ɗauka ko allon talla?"

"Tambarina ne," ya ce, yana gyara igiyar kyamara a wuya. "Ɓarayin intanet sun ishe ni. Kin ga da wannan ba mai taɓa min aiki."

"Ai ko ɓarawo sai ya tausaya maka ya bar maka kayanka. Kuma ka cika haske. Dubi goshin dattijon nan, kamar an shafa masa mai."

Da wani ne, da ya kwashi filash ɗinsa ya yi gaba. Shi kuwa kujera ya jawo ya zauna.

"To Malamata, sai me kuma na ɓata?"

Sunan da ya bi ta ke nan. Ita kuma ta raɗa masa Ɗan Tambari. Tun yana zuwa da uzurin buga hoto har uzurin ya ƙare, ya koma turo mata aikinsa ta waya kafin ya sa a shafinsa.

"Malamata, ga na yau. Ki yi min a hankali, zuciyata ba ƙwari."

"Ka rage ja. Ka daidaita sararin sama, ya karkace. Tambarin nan kuma ka mayar da shi ƙasa can gefe, ka bar mutane su sha iska. Ban da wannan ya yi, Ɗan Tambarina."

"Wannan 'na' ɗin na ƙarshe shi kaɗai na gani."

Ya kuwa bi maganarta, tambari ya ƙanƙance ya koma kusurwa. Duk abin nan a kan idon Manajan shagon, wanda ya daɗe yana yi mata tayin soyayya tana kaucewa. Shi ma yana taɓa gyaran hoto, gyaran ganganci: ya kwafo fata daga kunci ya liƙa a inda yake so ya rufe, ko duba abin da ya kwafo ba ya yi. Ta sha gyara masa ɓarnarsa, shi kuma ya sha ce mata, "Ke da kike gyara na mutane, ki goge wannan tabon na haɓarki mana."

Tabon tun tana ƙarama ne, ta faɗo daga bayan keken Babanta. Ba ta son shi, ko a madubi ba ta tsayawa a kansa.

Wata rana da hantsi Ɗan Tambari ya ɗauke ta hoto a bakin tagar shagon tana dariya. Da ta gani sai da ta sake dubawa, don ba ta taɓa sanin haka take ba.

"Goge tabon," ta ce.

"Komai kika ce in gyara na gyara. Wannan kam a'a. Shi na fara gani a fuskarki."

"To kar ka sa a shafinka. Baba ba ya son irin wannan."

"Haba Malamata, da tambarina a jiki fa. Wa zai taɓa?"

Kai, namiji da yarda da kansa! Ita ma so ya rufe mata baki, ta ƙyale shi. Ya sa, mutane suka yi ta yabo, har ta ɗan ji daɗi.

Ba a jima ba Gwaggonta ta faɗo gidansu ko mayafi ba ta daidaita ba, ta wuce kai tsaye wurin Baba. Baba mai gyaran agogo ne, mutum mai ƙarancin magana, kuma ya riga ya san da zancen yaron, har ya ce a bar shi ya yi bincike. Gwaggo ta danƙa masa waya.

Hoton ne, an raba shi biyu. A hagu an baƙanta ta kamar gawayi, an rubuta "Kafin". A dama an ɗashe ta fari fat, an rubuta "Bayan". A ƙasa ga kwalbar man bilicin da lambar waya. Tambari babu shi, tabo babu shi.

"Har matan layinmu suna tambayata ko nawa aka biya ta," in ji Gwaggo.

Baba ya daɗe yana kallo. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mata sauƙi.

"Wa ya ɗauki hoton nan?"

Ta faɗa.

"Mutumin da ya baza ki a kasuwa tun bai aure ki ba, in ya aure ki me zai yi? Kar in sake jin sunansa a gidan nan."

Ta shiga ɗaki, ta rubuta wa Ɗan Tambari:

"Ka ce ba mai taɓawa. Ga shi an taɓa, an yi tallar man bilicin da ni. Sayarwa ka yi ko kyauta ka bayar?"

"Wallahi ban ba kowa ba. Daga shafina aka ɗauka aka yanke tambarin. Da yana tsakiya kamar da, da ba a iya ba. Ke kika ce in mayar da shi gefe."

Wannan saƙon ya fi tallar ƙona mata rai. Ita ce ma mai laifin ke nan!

"Na gode. Ni na ce ka mayar da shi gefe, ni kuma na ce kar ka sa hoton. Ɗaya ka ji. Kar ka sake nemana."

Ya kira har ya gaji, ba ta ɗauka ba. Kwanakin da suka biyo baya masu ɗaci ne. A mota sai ta ga ana kallonta ana kallon waya. Wata mai sayayya ta leƙo fuskarta a shago ta ce, "Ashe man bai kama ki sosai ba." Ɗan Tambari ya yi ta kai ƙorafi a intanet ana sauke tallar, a sauke nan ta ɓullo can. Manaja kuwa sai sannu yake mata da murya mai laushi, har da cewa shi ba ya gudun mace don an yi da ita.

Ranar da ta iya daurewa, ta buɗe tallar a babbar kwamfuta ta zuƙo haɓarta, irin kallon da take wa aikin kowa. A kuncinta akwai wani ɗan ɗigon baƙi da aka haife ta da shi. Sai ga shi kuma a haɓa, daidai inda tabon yake. An kwafo fata daga kunci an liƙa, ba a duba ba.

Ta juya kujerarta a hankali.

"Oga, ɗigo nawa ne a fuskata?"

Ya leƙo, ya gane, ya ɗan yi yaƙe. Ko musu bai tsaya yi ba.

"Masu man ne suka ce in samo musu fuska. Abin da aka sa a intanet ai na kowa ne. Kuma ki gaya wa saurayinki, ko a goshinki ya buga tambarin, kafin shayina ya huce na goge shi."

Ta kashe kwamfutar, ta ɗauki jakarta, ba ta sake taka shagon ba. A hanya ta rubuta wa Ɗan Tambari:

"Na san wanda ya yi, Manaja ne. Na zarge ka da sayarwa, ka yafe min wannan. Sauran ban huce ba."

"Kar ki huce, Malamata. Ba inda tambarin yake ne laifin ba, sa hoton da na yi ne. Na goge shi daga shafina, amma na san na makara. Zan je wurin Baba ko zai kore ni."

Ya je, ya same shi a rumfarsa da gilashin aiki a ido. Ita tana daga ciki, ta kawo wa Baba abinci, tana jin komai. Ya durƙusa ya gaishe shi, Baba ya amsa a taƙaice.

"Baba, ban zo kare kaina ba. Ta hana ni, na ƙi ji. Na ɗauka sunana a jikin hoto zai tsare ta, bai tsare komai ba. Wannan ne ainihin wanda na ɗauka, na ga ya kamata ku gani."

Ya miƙa hoton a takarda. Baba ya karɓa da kyar, ya kai shi kusa da gilashinsa, ya tsaya a haɓa.

"Ba ka goge wannan ba."

"Ta ce in goge, na ƙi."

Baba ya cire gilashin ya murza idonsa.

"Ni na kayar da ita daga keke. Tun ranar take rufe wurin da hannu in za a ɗauke ta hoto. Ban taɓa ganin ta yi dariya haka da shi a buɗe ba." Ya ɗago ya dube shi. "Ka cuce ta, yaro, ka sani?"

"Na sani, Baba."

"To je ka. Zan neme ka."

Bai neme shi da wuri ba, sai da ya bar shi ya gasu. Amma ya neme shi.

Ranar ɗaurin aure gidan ya cika. Tana zaune cikin ƙawaye ta ji wata baƙuwa a bayanta tana raɗa, "Ba ita ce ta tallar man nan ba?" Tallar tana nan tana yawo, kuma ta san ba ranar dainawa. Hannunta ya tafi haɓa da kansa.

Angon ya durƙusa a gabanta da kyamara. Ya ji abin da aka ce, idonsa ya kaɗa.

"Malamata, in ɗauka? Guda ɗaya, na bangon ɗakinmu. Ba inda za shi."

Ta dube shi, ta sauke hannun.

"Ɗauka. Ka dai rage haske."

Baba yana tsaye a bakin ƙofa. Ya ce, "Kar a goge mata komai. Allah ya yi muku albarka, ya rufa muku asiri."

Ɗakin ya amsa da amin, har da baƙuwar.