Itacen Makaranta

"Wallahi ba za a sanar da auren nan a coci ba!"

Dattijo Obadiah ne ya shigo yana bambami, dusar ƙanƙara na zuba daga hularsa. 'Yarsa Keziah, wadda za ta auri malamin makarantar ƙauyen, ta saki ludayin wake a tukunya.

"Baba, me Malam Eleazer ya yi kuma?"

"Me ya yi? Amalanke guda na kai na itace, amma 'ya'yan matar marigayi Pratt ya zaunar a bakin murhu! Ko tsinke uwarsu ta kai?"

A ƙauyen namu, tun zuwan kakanninmu daga Ingila, dokar makaranta ke nan: yaron da gidansu bai kai itace ba, bakin ƙofa zai zauna sanyi ya ci ƙaniyarsa. Ga Obadiah, dattijon coci guda, ya fi kowa haddace Littafi Mai Tsarki, ya kuma fi kowa taurin zuciya.

Keziah ta ruga makaranta idonta jajir.

"Malam, ka mayar da su bakin ƙofa mana! Sati biyu kacal, a sanar da aurenmu!"

"Ƙaramar cikinsu tari take yi, Keziah. In na mayar da ita, da wane baki zan karanta musu ƙaunar maƙwabci?"

"To ni fa? Ni ba maƙwabciya ba ce?"

Ta buga ƙofa ta fita tana kuka. Haushin ubanta take ji, haushin Malam take ji, abin da ya fi ƙona mata rai kuma ta san gaskiyarsa.

Washegari da uban ya tafi niƙa, ta ɗauki gatari ta shiga dajin bayan gonarsu. Haka ta riƙa yi a ɓoye, hannuwanta suka tsattsage har jini, ba ta gaya wa kowa ba. Da itacen ya taru ta ɗaura wa bijiminsu amalanke, ta sauke a makaranta ta ce na gidan Pratt ne.

Sai dai duk ƙauyen an san bijimin Obadiah mai karyayyen ƙaho, sai aka ɗauka shi ya aiko.

Ran Lahadi fasto ya hau mumbari. "Jama'a, ku yi koyi da ɗan'uwa Obadiah! An ga bijiminsa ya kai wa marayu itace, shi kuwa ko uffan bai ce ba!"

Coci ya ɗauki "Amin!" Obadiah ya waiga ɓangaren mata, ya hango hannuwan 'yarsa a naɗe da tsumma. Nan take ya gane wadda ta sari itacen. Gumi ya karyo masa cikin wannan sanyi.

"Akwai wata sanarwa?" in ji fasto.

Tsohon ya miƙe da ƙyar. "Ba ni na sara ba, 'yata ce. Ka sanar da aurenta da Malam."

Keziah ta fashe da kuka, matar Pratt ta rungume ta.

Ku ji, 'yan mata: fushi bai ba ta miji ba, haƙuri da aikin alheri suka ba ta. Ku kuma iyaye, haddar aya ba ta ɗumama maraya.