Wanda Ya Sa Hannu

Maƙerin zinari bai ko kai munduwar kan sikeli ba. Ya ɗaga ta a tafin hannu, ya sake ɗagawa, sannan ya nemi izinin kankare cikinta kaɗan. Ya ɗiga ruwan gwaji. Wurin ya yi kumfa, ya koma kore.

"Hajiya, wannan tagulla ce aka yi wa wankan zinari."

Hajiya ta ce ya gyara bakinsa. Munduwar ta mahaifiyarta ce, shekara hamsin tana hannunta, kuma sau ɗaya tak ta taɓa fita daga dangi, ranar da aka kai ta wurin Maman Biyu, matar nan mai na'ura.

Hajiya ta kai ƙara. Kafin azahar Sufeton 'yan sanda ya kwashe na'urar Maman Biyu da kwamfutarta ya kulle su a ofis.

Shekara tara Maman Biyu ta yi a gida tana rainon tagwayenta. Kafin nan taswira take zanawa a ofishin safiyo. Da yaran suka yi wayo ta fita neman aiki, amma duk wanda ya karɓi takardunta, shekaru taran nan yake fara hangowa, sai ya ce za a kira ta. Har wayar ta tsufa ba a kira ba. Ta sayar da filinta na gado, ta sayi na'urar da ke haska abu ta kowane gefe, ta ɗauke siffarsa kaf, tsawo da faɗi da kauri, ta zuba a kwamfuta yadda za a iya ƙera irinsa sak. Ta kama ɗan shago a ƙarƙashin matakalar wani bene. Wata huɗu ke nan, kuma aikin Hajiya ne na farko mai tsoka: a ɗauki siffar munduwar, maƙerin nan ya zuba irinta ta azurfa guda uku, kowace 'yar Hajiya ta samu ɗaya.

Yanzu maganar ta zaga layin shagunan. Wai na'urarta haihuwar kayan mutane take yi, ta ba ka jaririn ta riƙe uwar. Idan na'urar ta daɗe a ɗakin kayan shaida, ba fili, ba aiki, ba suna. Tsoro ya kama ta sosai, kuma ita irin mutanen nan ce da tsoro ke hana su zama. Kwana uku tana safa da marwa a barandar ofishin 'yan sanda, har mai gadi ya ce ta kusa cinye musu siminti.

A rana ta huɗu Sufeto ya gaji ya kira ta ciki.

"Malama, mutum uku ne suka kusanci abin nan. Ke, maƙeri, da babbar 'yar Hajiya. Kuma ke kaɗai ce mai injin kwafi."

"Yallaɓai, ko ganin jabun ban yi ba. Ka ba ni na'urata awa ɗaya, nan a gabanka."

"Ki goge shaida?"

"Ka riƙe linzamin kwamfutar da hannunka. Ni baki kawai zan sa."

Sufeto ya yi ta buga biro a tebur. Daga ƙarshe ya aika aka ɗauko kayan.

Ta kafa faifan da ke juyawa a kan teburinsa. Ta fito da hodar jarirai daga jaka, ta dama da ɗan sifirit, ta fesa wa munduwar jabun har ta yi fari fat.

"Kwalliya kuma za a yi mata?"

"Na'urar ba ta ganin abu mai ƙyalli, Yallaɓai. Haske yakan dawo ya kashe mata ido. Sai an disashe shi."

Faifan ya juya. Munduwar ta bayyana a fuskar kwamfuta, da furanninta bakwai a kewaye. Maman Biyu ta sa Sufeto ya ɗora hoton a kan fayil ɗin da ta aika wa maƙeri. Inda suka dace zai yi kore, inda suka saɓa zai yi ja. Duk ta yi kore, sai wuri ɗaya. Fure na huɗu ya yi jawur. A jikin jabun, rabin furen a shafe yake sumul, kamar an bi shi da dutsen guga.

Sufeto ya sa aka shigo da maƙeri da mundayen azurfan uku. Ya juya su ɗaya bayan ɗaya. Fure na huɗu cikakke ne a kowace.

"Daga ina ka sami siffar da ka yi aiki da ita?"

"Ita ta turo min ta waya, ranka ya daɗe. Fayil ɗaya."

"Babu wanda ya kawo maka wani a hannu?"

"Ko ɗaya. Kuma in da ni ne, ai ba zan yi aikin da ya fi nawa muni ba, ballantana in tona kaina da bakina."

Sufeto ya sallame shi.

Maman Biyu kuwa ta miƙe tsaye, ta zauna, ta sake miƙewa. "Yallaɓai, buɗe wancan. Wanda na rubuta wa gwaji na farko."

Ya ɗora hoton jabun a kan wannan fayil ɗin. Kore daga farko har ƙarshe, ba ɗigon ja ko ɗaya.

"To ai kin kama kanki," in ji Sufeto. "Daga kwamfutarki ya fito."

"Daga ita ya fito. Amma ina da mai kyau ina da gurgu. Wace ɓarauniya ce za ta bar mai kyau ta ɗauki gurgu? Wanda ya yi wannan bai san akwai na biyu ba."

Sufeto ya dube ta da kyau a karon farko. Ta faɗa masa abin da ta tuna, shi kuma ya ɗauki waya.

Da la'asar Hajiya ta iso da babbar 'yarta, wadda ƙannenta ke kira Anti Babba, da mijin Antin. Manaja ake ce masa, ko da yake babu mai iya faɗin abin da yake manajansa. Bai zauna ba. Ya tsaya jikin taga yana kaɗa makullin sabuwar motarsa a yatsa.

Sufeto ya fara da matar. "Bayan an ɗauki siffar, ina munduwar ta kwana?"

"A gidana, sati uku. Hajiya na asibiti ana mata aikin ido."

"A ina kika ajiye?"

"A durowar ɗakinmu."

"Ranar da aka ɗauki siffar, kin tsaya har ƙarshe?"

"Har ƙarshe. Sai da ta yi sau biyu ma, don na farkon ya lalace."

Makullin ya daina kaɗawa, sannan ya ci gaba.

"Manaja, kai fa?"

"Ni direba na zama ranar, Sufeto. Na sauke ta, na ɗan leƙa, na wuce. Ko taɓa abin ban yi ba."

"Ka tabbata?"

"Mene ne nawa da kayan mata?"

Sufeto ya yi wa Maman Biyu alama. Ta juya ta dubi Manaja.

"Ka taɓa, Manaja. Faifan na juyawa ka ce ta karkace, ka sa babban yatsa ka gyara ta. Yatsanka ya ɗauke hodar daga fure na huɗu. Wurin ya yi ƙyalli, na'ura ta makance, kwamfuta ta cike gurbin da kanta, ta shafe shi sumul. Ban lura ba a lokacin. Kana ta duba agogo, ka ce in zuba maka a filasha ka biya wurin maƙeri ka ba shi. Na zuba, ka tafi. Bayan fitarka na ga ɓarnar, na sake daga farko, na tura wa maƙeri mai kyan da kaina."

"Zancen banza! Wane filasha?"

Anti Babba ba ta ɗaga murya ba. "Wanda ke jikin makullinka, Baban yara."

Sufeto ya miƙa hannu. Manaja ya dubi ƙofa, ya ga kurtu ya cike ta. Ya ajiye makullin a tebur.

Fayil biyu ne a ciki. Na farko gwajin Maman Biyu. Na biyu shi ne dai, amma an ɗan ƙara masa girma, kuma sunan wani shagon zubi na bayan kasuwa na manne da shi.

"Ƙarfe yakan tsuke idan ya huce," in ji Maman Biyu. "Shi ya sa mai zubi ke ƙara wa siffa kaɗan kafin ya fitar da ita da kakin zuma. Ya yi gyaransa, ya adana maka a inda ya samu."

Sufeto ya juya jabun a hannunsa, ya ɗora babban yatsansa a kan furen da aka shafe. "Shekara ashirin ina wannan aiki, ban taɓa ganin ɓarawon da ya sa hannu a aikinsa tun kafin ya yi satar ba."

Babu wanda ya yi dariya. Hajiya ta juya wajen surukinta, ta tambaye shi abu ɗaya. "Tana ina?"

Ya sunkuyar da kai. "An narkar."

Anti Babba ta rufe fuska da mayafi. Kurtu ya fita da Manaja. Sufeto ya turo wa Maman Biyu takardar karɓar kaya, ya ce ta sa hannu, amma ban da shafe fure. Ta sa. Ta yi zaton za ta ji daɗi tsantsa, sai ta ga tausayin tsohuwar ya kama ta. Ta fara naɗe wayoyi da sauri.

"'Yar nan," in ji Hajiya. "Na zalunce ki a bakin mutane, kuma da bakin nan zan bi layinku in gyara. Amma kada ki kashe kwamfutar tukuna. Mai kyan nan da kike faɗa, nuna min."

Maman Biyu ta buɗe fayil na biyu, ta jawo wa Hajiya kujera. Munduwar ta cika fuskar kwamfutar tana juyawa a hankali. Hajiya ta matso da sabon idonta.

"Tsaya. Koma baya. Ƙara girman nan."

A gefen ciki akwai ƙananan lotsawa guda biyu, kusa da juna.

"Haƙoran wannan ne," in ji Hajiya, ta nuna Anti Babba ba tare da ta waiwaya ba. "Tana wata takwas, a cinyar mahaifiyata." Ta ɗora yatsa a kan gilashin. "Wannan ma zai iya narkewa?"

"A'a, Hajiya. Wuri uku na adana shi."

"To ki mayar da shi huɗu."

Maman Biyu ta ja kujera ta zauna kusa da ita. Tun kwana huɗu, sai yanzu ta zauna ba ta miƙe ba.