Na Ce A Wanke, Ya Wanke

"Ina muryar Papa?"

Bahauddeen ya ɗago daga teburin gyara yana murmushi, shi a dole ya yi abin kirki. Kwamfutar mahaifina na buɗe a gabana, amma fuskarta ba wadda na sani ba ce.

"Ai wanki kika ce, rabin raina... Na wanke ta tas, na sa miki Linux."

Na zauna a kan benci.

Sunana Nkechi. A Sabon Gari aka binne cibiyata, Hausa kuwa ko 'yan Fagge ba su fi ni ba. Shekara biyu ke nan da rasuwar Papa. Wata shida ya yi yana jinya, a kwance ya riƙa ɗaukar muryarsa a wannan kwamfutar: labarin garinmu, waƙoƙin coci, har da nasihar da ya ce in saurara ranar aurena, wadda ban taɓa buɗewa ba. Ban kwafe ko ɗaya a wani wuri ba. Kullum sai in ce gobe.

Shagon Baha na kallon na Chidiebere a layin masu gyaran kwamfuta, kuma ba sa ga maciji. A tsarin da ake ɗora wa kwamfuta, Chidiebere ɗan Windows ne, Baha kuwa ko wuta aka ɗauke sai ya ce da Linux ce da ba haka ba. Shi kuma wancan ya ce Linux ta marasa kwastoma ce. Kowa a layin ya san faɗan bai tsaya kan kwamfuta ba, ni ce a tsakiya. Mama kuwa Chidiebere take so in aura, cocinmu ɗaya. Hajiya, mahaifiyar Baha, a Kwaciri ko gaisuwata da kyar take amsawa. Duk na shanye, don ina son Baha kamar raina.

Da kwamfutar ta fara zafi tana mutuwa da kanta, Chidiebere ya ce bairos ne, wato cutar kwamfuta, Baha ya ce tsarin da ke kanta ne. Duk cikinsu babu wanda ya kasa kunne ya ji yadda fankarta ke nishi. Ni na ji. Mama tela ce, zare da ƙurar atamfa ne suka cushe fankar, shi ke nan ciwon.

Ranar Juma'a na kai ta, na tarar Baha ya tafi masallaci. Sai na bar wa Chidiebere saƙo, ya ce masa ya wanke min fankar. Ashe kura na ba ajiyar nama. Ya haɗiye kalmar fanka, ya ce masa Nkechi ta ce a wanke ta. A bakin masu gyara kuwa, wanke kwamfuta shi ne a share duk abin da ke cikinta.

Da Baha ya gane abin da ya faru, ya tsallaka ya ci kwalar Chidiebere, mutane suka taru. Chidiebere ya dinga rantsuwa wai Hausa ce ba ta ishe shi ba, mutumin da ke ciniki da karin magana. Ko kallonsa ban yi ba. Mugu ya yi aikinsa, ba shi na ba zuciyata ba.

Na ja Baha cikin shago.

"Me ya hana ka kira ni?"

Ya kawar da kai, na ƙara tambaya.

"Sau nawa na gaya maka abin da ke cikinta, Baha?"

"Kin gaya min..." in ji shi. "Na ɗauki wayar zan kira ki, sai na ji tsoro kada ki ce a'a. Kullum Chidiebere dariya yake min, wai ko budurwata ba ta yarda da Linux ba. Na kwafe takardunki, wallahi na ɗauka har da muryar. Ban duba ba, ina sauri ya gani kafin ya tashi."

Da kuskure ne kawai, da na yafe tun a wurin. Abin da ya ƙona min rai shi ne ya tuna da ni, ya ɗauki waya, ya ajiye.

Kwana uku shagonsa a rufe, yana ciki yana tonon abin da ya share. Ranar Talata ya zo ƙofar gidanmu, idanunsa jajur, ya gaida Mama ta ƙi amsawa. Ya miƙo min filashi, ɗan abin kwafar bayanan kwamfuta. Daƙiƙa shida ya samo, daga farkon nasihar aure.

Na kunna a gabansa. Papa ya yi tari, ya gyara murya.

"Kechi, 'yata, in kina jin wannan, to kin samu wanda zai riƙe min ke. Ki ce masa..."

Nan ta yanke.

Baha ya durƙusa yana hawaye, yana kirana da duk sunayen da na saba narkewa in na ji su. Ya ce zai ci gaba da nema, ko shekara ce. Ina sonsa a lokacin, har yau ma ina sonsa, kuma abin da ya fi min ciwo ke nan.

"Me kike ganin zai ce ki gaya min?" ya tambaya a hankali.

"Ba kai yake nufi ba," na ce.

Na shiga gida na tura ƙofa.